Shaidun Kogi

Ƙarfe biyu saura na dare, ni kaɗai a ofis,
shayina ya huce, fanka na ta kukan tsufa.
Eulalia sunana. Ina gadin kogin Mamore
ba da sanda ba, da allon kwamfuta.

Na'urar nan tana da ɗan lele,
ma'aunin da aka kafa a gindin gada.
Shekara shida bai taɓa ba ta kunya ba,
ta yarda da shi tamanin cikin ɗari.
Akwai tauraron ɗan'adam mai leƙe daga sama,
in gajimare ya rufe, sai ya kawo zancen shekaranjiya.

Sai Bartolo Muiba mai kwalekwale,
wanda ya rantse ya ga kada mai tsawon motar katako.
Bara sau tara yana kirana da ihun ambaliya,
sau bakwai ruwan bai kai gwiwar akuya ba.
Goma sha ɗaya na'ura ta ba shi,
ni kuwa na sa hannu, har da dariya.

Ga muryarsa yanzu a rediyo, tana rawa:
"Yarinya, kogi ya canza wari.
Tururuwa na hawa bishiya da ƙwai a baka,
gungume na wucewa, saiwa a sama."
Na ji kwalba ta faɗi a bayansa.

Allo kore shar. Ya ce kowa ya yi barci.
Mita huɗu da santimita talatin da biyu.
Na duba na sha biyun dare, haka yake.
Na ƙarfe goma, haka. Na faɗuwar rana, haka.

Kwana uku ana tsuga ruwa a kan tsaunuka,
wane kogi ne zai tsaya cak kamar hoto a bango?
Kogi mai rai yana numfashi,
ya hau yatsa ɗaya, ya sauka rabi.
Wannan ba natsuwa ba ce. Suma ce.

Ban ga laifin na'ura ba,
abin da aka sa mata a baki take taunawa.
Na zare ma'aunin daga lissafi,
hannuna na karkarwa kamar mai ƙaryata mahaifinta.
Kore ya gushe. Allo ya yi jim,
sannan ya rubuta: ban sani ba.
Ban taɓa ƙaunarsa kamar a wannan lokacin ba.

Mutum dubu uku na barci a ƙasan gada.
In na tashe su a banza, gobe ba za su tashi ba.
In na bar su...

Na buga wa Fermina, malamar asibiti a ƙauyen sama.
"Ɗauki tocila, ƙirga min matakalar coci."
Na ji takunta cikin laka, na ji kare.
"Biyar suka rage cikin tara.
Tsaya. Eulalia, huɗu."
Gani ya kori ji, ko da idon aro ne.
Na danna jiniya.

Da gari ya waye aka sami ma'aunin,
laka ta toshe masa bututu tun la'asar,
yana ta maimaita gaskiyar jiya da zuciya ɗaya.
Ruwa ya kai ƙugu a kasuwa,
ya tafi da kaji, da buhunan shinkafa,
da keken ɗinkin gwauruwa Remedios.
Ba a haƙa kabari ba.

Bartolo na ba da labari a bakin tasha
wai shi ya tare kogin da filafili.
Na ɗaga shi zuwa ashirin da biyar, ban ƙara ko ɗaya ba.
Shekaranjiya ya sake kira. Ko raɓa babu.

Zan ɗauka in ya kira gobe.
Shi kuma ɗan lele, an wanke shi, ya koma aiki,
amma na koya wa na'ura tambaya ɗaya
ta riƙa yi masa duk bayan awa:
yaushe rabonka da canza magana?